Ranar da kwamfutarmu ta riƙe kundin yayata

Shekarun baya, a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja, ni da wani abokina muna da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada. Kwamfuta ɗaya ce tal, ita ma gwanjo, amma yadda muke ji da ita sai ka ce mota muka saya. Linux muka ɗora mata, don a lokacin gani nake duk wanda bai san shi ba bai fara karatu ba. Ƙuruciya dai.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan manhaja tana da wata zuciya da ake kira kanel. In sabo ya zo hannunmu ba ma goge tsohon, saboda ran da sabon ya yi gardama sai a koma wa na baya. Da haka muka tara guda uku. Sai dai kowanne da ɗan fayil ɗinsa na tashi, wanda ke nuna masa hanyar faifan ajiya in an kunna na'ura. In ka canza wani abu a cikinta dole ka sake haɗa wa kowanne nasa, in ba haka ba tsofaffin suna nan a jere amma ba wanda zai tashi.

Ni mutum ne mai naci. Ko me aka taɓa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, in sabunta, in kashe, in kunna, in gani da idona. Abokina ya tsani wannan. Cewa yake na tafi zagayen gaida tsofaffi irin na ranar Juma'a, ga masu aiki na jira.

To, yayata da ke aure a Ƙofar Kware tana shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai. Kundin bincikenta kaf a kwamfutarmu yake, har da gyare-gyaren malaminta. Ga yara ga girki, da ƙyar ta kai ƙarshensa, kuma an ce wanda bai miƙa ranar Litinin ba sai baɗi. Ana cikin haka na tafi ƙauye ta'aziyya, ban dawo ba sai Lahadi.

Litinin da hantsi ta zo a buga mata. Muna kunnawa aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Sabon kanel ya fara tashi, ya tsaya cak, ashe wutar ta taɓa shi. Muka sake, haka. Sai a lokacin abokina yake gaya mini cewa katin da ke haɗa faifan ajiyar da na'urar ya mutu ina ƙauye, ya samo wani iri daban ya sa.

Ni kuwa na san halin mutumina. Na hau shi da faɗa: "Kati kac canza ba ka hwaɗa min ba? Na san sabon ɗai kag gyara ma! Wallahi ka kashe mu!"

Yayata tana kan benci, ta damƙe bakin mayafinta. A hankali ta ce, "Ku hwaɗa min gaskiya, aikina ya tahi?"

Abokina ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Kai kuma matsa ka ba ni wuri."

Ya sake kunnawa, ya zaɓi mafi tsufa a cikin ukun. Rubutu ya fara gudu a allon, bai tsaya ba har ya kai mu ciki. Ga kundi nan lafiya lau. Sai ƙarar firinta.

Na juya wajen abokina na ce, "Yaushe kay yi wanga aiki?"

Ya ce, "Randa nis sa katin. Su duka na bi su. Ina yi ina zaginka, awa kana tsaye bisa kaina."

Kafin azahar ta miƙa kundinta.

Tun daga nan na ƙara sakankancewa cewa tsohon kanel da ba a sabunta wa fayil ba cika wuri kawai yake yi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abokina. Ashe mutum zai yi ta yi maka tsiya da baki, alhali yana ɗaukar abin da kake yi, ya kuma yi shi ran da ba ka nan. Na ji daɗin wannan har cikin zuciyata, kuma har yau ina ji.

Yayata yanzu shugabar makaranta ce. Ba ta san kanel ba, ba ta kuma nemi sani ba. In zancen ya tashi a gida, abin da take gaya wa 'ya'yanta shi ne abokina ne ya cece ta, kawunsu kuwa ihu kawai ya iya. Ban taɓa musa mata ba.