Takardar da Ta Zo Neman Mu'azu

Halliru na fadama yana dashen albasa sa'ad da Alhaji Zayyanu, wanda bai kwana uku da dawowa daga Makka ba, ya tsaya a kansa ya ce Mu'azu ya rasu a Jidda. Halliru ya zauna cikin laka da irin albasa a hannu.

Tare da Mu'azu suka tashi a Rimawa, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Mu'azu gwanin kamun kifi ne, mutum mai fara dariya tun bai kai ƙarshen labarinsa ba. Shekarar da ake ɗiban mutane da tilas zuwa haƙar kuza a Jos, sunansa ya fito, sai ya yi gabas da ƙafa. Ya tsinci auduga a Sudan, ya haye teku ba takarda ko guda, ya sauke farali, ya zauna Jidda yana sayar da ruwa har shekara goma sha ɗaya.

Zayyanu ya ce tun da Mu'azu ya ji idon mahaifiyarsa Sabuwa ya fara rufewa ba shi da zance sai gida. Amma jirgin ruwa ba ya ɗaukar mutum sai da fasfo. A ofishin jakadan Ingila aka ce ya kawo hoto, ya kawo. Aka ce hoton da rawani ne, ya sake wani. Aka tambaye shi ranar haihuwa, ya ce shekarar fari, akawu ya ajiye alƙalami. Daga baya aka ce sai garinsu sun shaida shi: za a rubuta Kaduna, Kaduna ta rubuta Sakkwato, Sakkwato ta rubuta Goronyo, inda Hakimin Rimawa yake. Kowace Litinin yana bakin ƙofa da hotunansa cikin hula. Sau biyu amsa na zuwa, cewa Rimawa ba a san mai wannan suna ba. Har ya rasu bai gane ba. Yakan ce ko dai an tashi garin ne.

Nan Halliru ya tuna. Sau biyu malamin Hakimi ya zo da dogari da takarda mai hatimin Gwamna, yana tambayar Mu'azu ɗan Sale. Halliru ne ya zagaya gida gida yana cewa kowa ya kama bakinsa. Ita kanta Sabuwa, da aka tambaye ta, shiru ta yi. Lokacin har daɗi Halliru ya ji, yana zaton maganar kuza ce ta biyo, yana ganin ya tsare amana.

Har yau bai san inda zai ajiye abin nan ba. Domin da hantsin da ya raka Mu'azu bakin gulbi zai gudu, Mu'azu ya riƙe hannunsa ya ce, "In an taho biɗata, aboki, mi za ka ce?"

"In ce ban taɓa ganin ka ba."

"Ko shekara nawa?"

"Ko shekara nawa."

Mu'azu ya yi dariya, ya ce, "To, yanzu na samu ƙafar tafiya."