Sunan Yaya a Lasifika

Da zarar damina ta kankama, makarantu sun doshi hutun ƙarshen shekara, Inna za ta sa a sauko mata da akwatinta daga saman sif. Za ta fito da atamfar nan tata mai ruwan ƙasa da farin mayafi, ta shanya su a igiya su sha iska, warin kafur ya cika tsakar gida. Ni kuwa in na dawo daga aiki na tarar da atamfar tana lilo a igiya, sai in san lokacin yawon ofis-ofis ya zo ke nan.

A Tungan Maje muke zaune a lokacin, kan hanyar Zuba zuwa Gwagwalada. Babanmu mutumin Zariya ne, ya kawo mu tun Abuja tana daji, ya buɗe shagon kayan masarufi a Zuba, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa. Yayana, ɗan farin Inna, shi ya riƙe gidan a bayansa. Malamin lissafi ne a ƙaramar sakandaren garin, mutum mai sanyin hali, wanda ko yaro ya yi barci a aji ba ya dukansa, sai dai ya tsaya a kansa shiru har ya farka don kansa. Bai daɗe da aure ba tirela ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar nan tamu, a shekarar da sojoji suka koma bariki.

Abokansa na makaranta, waɗanda yawancinsu suka sami aiki a ma'aikatun tarayya, su suka kawo shawarar tallafin karatu da sunansa. Duk shekara a zaɓi ɗalibin da ya fi iya lissafi kuma gidansu babu ƙarfi, a ɗauke masa littattafai da kayan makaranta da kuɗin jarrabawa. Ba a kanmu aka fara ba. Akwai na wata unguwarzoma 'yar Gbagyi da ta karɓi haihuwar rabin garin, akwai na wani direban bas da ke rage wa 'yan makaranta hanya kyauta, da na matar wani fasto. Ranar rabon kyaututtuka sai a kafa rumfa a filin makaranta, a kira sunan mamaci a lasifika, a faɗi ɗan abin da ya yi a rayuwa, sannan wani daga danginsa ya tashi ya miƙa wa yaron ambulan. Garin ƙarami ne a lokacin, kowa a wurin ya san waɗanda ake kira.

A gidanmu babu mai kiran sunan Yaya. Inna dai ɗanta na fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta furta sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", in kuma tana son magana da shi sai ta ce in kira mata shi, ko da yana zaune a bakin ƙofarta. Baba ma haka yake yi. Ni da "Yaya" na buɗe baki, matarsa kuma "Malam" take cewa har ta gama takaba ta koma gidansu. Ko wani mai irin sunansa ne ya shigo, mai gyaran famfo ko mai kawo kalanzir, Inna sai ta ce "mai sunan yaron nan". Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba, haka na taso na tarar.

Shekarun farko abin ya yi armashi. Abokan suna cika mota guda su zo da kansu, su durƙusa su gaida Inna, su ci tuwo a zaurenmu. Daga baya gari ya buɗe. Kuɗi suka shigo Abuja, ko'ina ka waiwaya gini ne ke tashi, wayar hannu ta shigo, abokan Yaya suka fara ajiye tumbi. Wannan ya zama mataimakin darakta, wancan ya tafi kwas ƙasar waje, wani ya koma unguwar da sai maigadi ya tambaye ka wurin wa ka zo. Ba zan yi musu ƙarya ba, babu wanda ya taɓa ce min ba zai bayar ba. Sai dai kowace shekara sai an tuna musu, kuma mai tunawar ni ce, 'yar buga takardu a wata hukuma, mai sammakon tarar motar Zuba.

Na san kujerun jiran baƙi na ma'aikatun nan fiye da na ɗakinmu. Sakatariya za ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce da gurguwar Hausarta, "Oga yana mitin, ka zauna." In oga ya fito ya gan ni, sai ya dafe kai.

"Ƙanwata, har shekara ta zagayo? Allah sarki. Allah ya jiƙan mutumina."

Daga nan sai ya ɗauko min labarin yadda suka sha garin kwaki a kwano ɗaya a makarantar kwana, labarin da na haddace har nakan gyara masa in ya kauce. In ya gama sai ya ce in dawo ranar Alhamis. Akwai wanda har bakin tafkin Jabi na bi shi, inda yake duba wani fili da ya saya, na tsaya cikin laka da takalmin ofis ina jira ya gama waya.

Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Na gaji da shiga ofis ina gabatar da kaina da "ƙanwar marigayi", kamar ba ni da wani suna. Na gaji da ganin yadda fuskar mutum ke canzawa in ya tuna abokinsa, sannan ta sake canzawa in ya tuna abin da ya kawo ni. Wata rana na kasa daurewa na ce wa Inna, "In dai sadaka ake nufi, Inna, ai ba sai an kafa rumfa ba. Mu auni shinkafa mu raba wa maƙwabta, ladan zai kai masa."

Ta ce, "Haka ne, Auta." Sai kuma ta tambaye ni ko na kai mayafin wurin mai guga.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne Inna ba mai son taro ba ce. Ko biki ne a layinmu, leƙawa take yi ta dawo. Taron makarantar kuma da Turanci ake yin sa daga farko har ƙarshe, ita ko "zo" ba ta sani ba a ciki. Amma ranar ita ke riga ni shiryawa. Za ta zauna a kujerar roba ta gaba, kai a sunkuye, carbi a hannu, ta sha jawabin shugaban kwamiti da rawar 'yan aji ɗaya da wasan kwaikwayon da ba a jin abin da suke cewa. Mai gabatarwa duk shekara wani malamin Turanci ne ɗan kudu, mutumin kirki, amma sunan Yaya ya fi ƙarfin harshensa. Yana ja inda ba a ja, ya haɗiye harafin tsakiya, har sai sunan ya fito kamar na wani baƙo. A daidai nan Inna ke ɗaga kai. Ta tashi ta miƙa ambulan, ta dafa kan yaron, ta dawo ta zauna. Ni a ganina nauyi ne kawai take saukewa.

Wata shekara aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mace mai kuzari da son gyara, ba Bahaushiya ba ce. Ta ga ya fi kyau dangi su faɗi sunan mamacinsu da bakinsu. Ɗan unguwarzoma ya faɗi na uwarsa, fasto ya faɗi na matarsa. Aka zo kanmu. Shugabar ta taho da fara'arta ta kai wa Inna makirufo daidai baki.

"Mama, ka faɗa mana sunan yaro naka, kowa ya ji."

Inna ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. Lasifika na ta ƙugi, yara a baya suka fara ƙunshe dariya. Shugabar ta juyo gare ni ta rage murya ta ce, "Eyya, ya manta ne? Tsufa." Wani dattijo Bakatsine mai shagon yadi ya ce mata daga inda yake zaune, "Madam, ɗan fari ne." Ta dube shi tana jiran sauran bayanin, shi kuma a wurinsa ya gama bayani. Malamin Turancin ne ya cece mu, ya karɓi makirufon ya karya sunan yadda ya saba.

A hanyar gida ina ta huci. Haushin shugabar nake ji, da haushin yaran, har da na Inna, don a raina cewa nake kalma ɗaya ce fa, kuma mai ita ya daɗe a ƙasa. Ita kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "Baiwar Allah ba ta sani ba ne."

Shekarar da ta biyo baya sai ga sauƙi ya zo. Wani dillalin filaye, ɗan garin da Allah ya buɗa wa a 'yan shekarun nan, ya ce zai ɗauki nauyin tallafin gaba ɗaya, ya ƙara yawan yaran, a haɗe komai a ƙarƙashin sunan mahaifinsa. Kwamitin iyaye da malamai ya kira mu dangin mamatan. A lokacin an yi wa fasto canjin wuri, ɗan unguwarzoma ya koma Bwari, iyalan direba ma ba su zo ba. Ni na fara ɗaga hannun amincewa, kuma har yau ban ga laifina ba. Yaran da ke amfana sun ƙaru, ba a cuci kowa ba, ni ma ƙafata ta huta.

Na tarar da Inna tana tsince wake. Na ce, "Inna, an hutar da mu. Wani bawan Allah ya ɗauki nauyin duka, an haɗe su wuri ɗaya."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Allah ya saka masa da alheri." Ta ci gaba da tsintarta, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Da damina ta kankama sai na dawo na ga atamfar a igiya. Na ce, "Inna, bana fa ba mu da abin miƙawa."

"Na sani. Zama kawai zan yi."

Muka je. Rumfunan sun ninka na da, an kawo masu kiɗa daga cikin gari, ana raba shinkafa a robobi, ga ƙaton hoton mahaifin dillalin an jingine a gaban teburin manya. Kujerun gaba na baƙinsa ne, mu aka nuna mana can baya kusa da sandar lasifika. Sunan tsohon nan kuwa ya sha kira, duk wanda ya karɓi makirufo sai ya ambace shi. Inna ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon. Ta karkata kunne wajen lasifikar, carbin ya tsaya a hannunta. Aka gama rabo, aka yi addu'a, manya suka shiga motocinsu. Na ce mu tashi, ta ce in dakata. Muna nan zaune har masu haya suka zo tattara kujeru, hadari kuma ya haɗo ta wajen Zuba.

Da ƙyar muka riga ruwan shiga gida. Bayan la'asar na leƙa ɗakinta na tarar ba ta cire mayafin ba, tana zaune a bakin gado.

"Auta, kunnena ne ya yi nauyi, ko ba su kira ba?"

"Ba su kira ba, Inna. Ai na gaya miki an haɗe."

"Na ɗauka kuɗin aka haɗe."

Ta ɗan jima tana murza gefen mayafin, sannan ta ce, "Shi malamin nan mai karya shi, ai na gan shi a wurin."

"Yana nan."

"Ko a karyen ma ina so." Ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo. "Ku ba ku kira, ni ba na kira, ubanku ya tafi. Shekara guda nake yi ina jiran in ji an faɗe shi a fili, in san dai an yi shi a duniya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Tausayinta ya kama ni, gajiyar shekarun nan duka kuma ta sauko min a kafaɗa lokaci guda. Na sha buga sunan nan a takarda, na sha rubuta shi a bayan ambulan, amma ban taɓa ɗora shi a harshena a gabanta ba. Na ji kamar zan yi rashin kunya. Na juya fuskata wajen tsakar gida na faɗe shi a hankali.

Ta ce, "Ɗaga murya, ruwa na dukan kwano."

Na sake faɗa da ƙarfi, cikakke, har da sunan Baba a ƙarshe yadda ake yi a lasifika. Na ja inda ake ja, harafin tsakiya ya fito.

Na juyo na dubi Inna, ina tsoron ko na ɓata mata rai. Can ta ce, "To. Haka ake faɗinsa."

Ta zare mayafin ta ninke shi a cinyarta, ta miƙo min in mayar akwati.

"Baɗi ba sai an kai shi guga ba," in ji ta. "A nan za mu zauna."