Ɗigon da Yaya Sale bai gani ba

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Gombe. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai kafiya.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo aka yi wa ma'aikata ƙari, maƙwabtanmu a unguwar Malam Inna kowa ya sayi babur. Yaya kuwa ya kinkimo tsohon madubin hangen taurari daga hannun wani malami ɗan Indiya da zai koma gida. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan bututun ne zai kai ka makaranta?"

Bayan magariba yakan kafa shi a tsakar gida ya yi min darasi, ko ina so ko ba na so. Zara, in ji shi, ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu, hasken rana take ara kamar farantin silba. Tauraro kuwa wuta ce mai ci da kanta. Amma akwai wani abu da masana suka gano ba da daɗewa ba, kwazar. A hoto kamar ƙaramin tauraro yake, alhali ya fi taurarin samanmu haske ko an haɗa su duka. Nisa ne ya ƙanƙantar da shi, haskensa ya taso tun ba a yi ɗan Adam ba. Wannan kwazar ɗin Yaya yake so ya gani, ko sau ɗaya, domin likita ya riga ya gaya masa ganinsa tafiya yake yi.

Madubin ya yi ƙanƙanta, idon kuma bai jira ba. Da ya makance, ni yake tsayarwa gaban bututun. "Binta, me kika gani?" In ce, "Babu komai, Yaya." Ya ce, "To, gobe." Wallahi har yau wannan "gobe" tana min ciwo.

Da yana raye, da ya yi wa yaran yanzu faɗa: ga sama a tafin hannunsu, ba mai ɗaga kai. Amma jikarsa Hauwa shi ta gado, kimiyyar take karantawa. Watan jiya ta zo gidana a unguwar Federal Low-Cost ta nuna min hoton kwazar a wayarta. Ɗigo ne fari, bai kai ƙwayar gero ba. Ikon Allah! A kan wannan aka ƙi babur?

Na yi dariya har hawaye suka zubo. Sannan na kai wayar kusa da idona, na faɗa da ƙarfi yadda zai ji: "Yaya, na gani."