Hannun Baba a Kan Tangaran

Jiya a unguwar Zahir na ga sanarwar baje kolin bana na gidan kayan tarihin da Baba ya yi wa aiki, sai raina ya ɓaci.

Duk shekara bayan Hajji, shi ke fito da kwanukan tangaran na ƙasar Sin daga akwati, ya goge, ya jera. Wata rana Umma ta aike ni da abincinsa. Ɗakin sanyi ƙalau, sai ƙamshin katako. Na tarar da shi da farar safar hannu, ya rungume wani shuɗin kwano kamar jinjiri, yana ce wa abokin aikinsa, "Shuwayya, shuwayya," wato a hankali.

Hannun nan ne ya kumbura wa Umma ido da safiyar ranar.

Na ce, "Baba, mu ba ka taɓa riƙe mu haka ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ku ai ba kwa fashewa. Ajiye ki tafi."

Allah Ya jiƙansa, tunda Shi Mai rahama ne. Ni kuwa, Allah Ya ba ni ikon yafe masa kafin in bi shi, don har yau na kasa.