Allurar da Yaya Habsu Ba Ta Gani Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Habsu, wadda mutanen yankin Ollelewa suka fi sani da Majo, don ita ce shugabar wani ƙaramin asibitin ƙauye a can. Ban taɓa jin rashinta kamar bana ba. Kwanan baya likita a Tanut ya ce ciwon sukarina ya fi ƙarfin ƙwaya, sai allura kullum da safe, kuma ni zan riƙa yi wa kaina. Ya ce in na ƙi, idanuna ne za su fara tafiya.

Duk wanda ya san Damargu ya san mu da son allura. Ka ba mutuminmu ƙwaya, sai ya koma gida yana cewa ba a duba shi ba. Tsofaffi kan taso tun daga Tarka a kan raƙumi, ba abin da ke damunsu sai gajiya, su kafe sai an yi musu ƙarin ruwa. Yaya takan zauna ta lallashe su, ta ce ruwan na yaran da amai da gudawa suka tsotse ne. A duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai Allah ya yi da tsoron allura, ya kuma fito da ni ciki ɗaya da mai yin ta.

Shekarar da sanƙarau ya shigo garinmu aka zo rigakafi, ina da mata da ƴaƴa, gemuna ya cika. Da na hango Yaya tana tafasa sirinji a tukunya bisa garwashi, kamar yadda ake yi a lokacin, sai na sulale na faɗa rumbun gero. Ba ta aiko kowa ba. Sai da ta sallami layi, sannan ta zo ta tsaya gindin rumbun.

"Malam Sani, gara ce ta shiga geron? Miƙo hannu, ba sai ka sabko ba."

"Yaya, don girman Allah ki ba ni ƙwaya."

"Sanƙarau bai san ƙwaya ba. Miƙo, rana na yi."

A nan ta soka mini, hannuna a waje, sauran jikina cikin gero. Ta yi shekaru tana ba da labarin nan a gidan suna da gidan biki, har da kwaikwayon muryata, ni kuwa in tashi in bar wurin. Gidanmu mun tsallake sanƙarau. Wasu maƙwabtanmu ba su ga damina ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. An daina tafasa sirinji, kowanne sau ɗaya ne a yar. Asibitinta ya samu firji mai aiki da hasken rana, kuma wannan zai faranta mata rai. Amma ga masu yawo da jakar magani kasuwa-kasuwa, suna ɗirka wa mutane abin da su kansu ba su sani ba a bayan rumfa. Da ta gan su, da an jiyo muryarta har Belbeji.

Ciwon ajalinta bai ja lokaci ba. A asibiti a Damagaram, ma'aikaciyar da za ta sa mata ruwa ta nemi jijiya ta rasa. Yaya ta laluba da yatsanta ta nuna mata wurin, sannan ta dube ni ta ce, "Ku fid da wannan waje, kada ya suma muku." Na fita ina murmushi. Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Da na kawo maganin sukari gida, matata ta sa kwalbar a gindin randa don sanyi. Na yi kwanaki ina kewaye ta. Ba wanda ya ce mini uffan, don yanzu ni ne dattijon gida. Ranar da na kasa karanta saƙo a wayata, na zauna bakin tabarma, na ɗaga riga, na yi bismillah na soka. Allurar ƴar mitsitsiya ce, ƙayar aduwa ta fi ta zafi nesa.

Mutane da yawa a ƙasar nan suna tafiya da ƙafafunsu saboda hannun Yaya Habsu, kuma ina cikinsu. Allah ya haskaka kabarinta, ya saka mata da Aljanna. Amma ranar nan da na zare allurar, na ɗaga kai ina jiran wani ya fashe da dariya. Duk gidan sai sannu suke yi mini.