A Ba Gawa Hanya

Har yau ranar da Malam Bukar ya shigo shagonmu na intanet a Mandawari ba ta fita raina ba. A shekarun farko ne bayan sojoji sun koma bariki. Ni ne injiniyan shagon, ko da yake injiniyancin bai wuce haɗa waya da goge allo ba.

Bari in bayyana muku yadda aikin yake. Layin tarho ɗaya gare mu. Yana shiga babbar kwamfuta da muke kira uwa, daga nan wayoyi su raba shi ga kwamfutoci takwas. Idan duka suna aiki, kowa tafiyar hawainiya yake yi.

Malam Bukar dattijo ne, malamin Alƙur'ani a Sheshe. Ya zo ranar Alhamis kafin azahar, da takarda a hannu. Ɗansa da ke karatu a Masar ya rasu da asuba, kuma asibitin can ba za su ba da gawar ba sai sun ga takardar amincewar mahaifi. Ofishin ya kusa tashi, washegari kuma Juma'a, ba sa aiki.

Na ɗauki hoton takardar na fara aikawa. Sau uku tana kaiwa rabi tana yankewa, don shagon cike yake.

Na sami mai shagon, Alhaji Sani, na ce, "Alhaji, bari in zare wayoyin sauran."

Ya ce, "A'a, ba a fizge wa mutum abin da ke hannunsa. Ka gaya musu."

Na tsaya a tsakiyar shago, na rasa ta inda zan fara bayanin rabon layi. Sai bakina ya faɗi abin da ake faɗa a lungu idan an ɗauko makara: "Jama'a, a ba gawa hanya."

Duk suka waiga ƙofa. Na nuna dattijon, na yi bayani a taƙaice. Wata malama da ta kusa gama cike fam ɗin neman aiki ta fara rufe shafinta, ta san kuwa sai ta sake daga farko. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, suka jeru jikin bango, suna salati. Na koma kan kwamfuta na sake aikawa.

Saƙon ya tafi. Da amsa ta zo, Malam ya tambaye ni, "Yau zai kwanta a makwancinsa?"

Na ce, "Yau, in sha Allahu."

A ranar na gane cewa kwamfuta tana raba layi daidai ne, ba ta san wa ya fi buƙata ba. Wannan sai mutane, in ka yi musu magana da harshen da suka sani.