Mun Je Zariya Neman Tsargiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Zariya, ni da ɗana na fari. Shi ya ɗaga mu: ya zama saurayi amma bai taɓa yin tsargiya ba. A ƙauyenmu kuwa, wanda bai yi fitsarin jini ba bai cika namiji ba. Tsararrakinsa sun sa shi a waƙa, kakarsa ta hana ni sakat, sai da na yarda in kai shi wurin wani mai magani a unguwar Limancin Kona.

Akori-kura muka samu, mu da buhunan barkono, muna tafe muna atishawa. A bakin ƙofar birni muka karya da koko da ƙosai, mai ƙosan na kiran kwabo ni ina lissafi da sule.

Ba mu kai ga mai maganin ba. A gefen wani kududdufi cikin birni muka tarar da ma'aikatan lafiya na gwamnati suna fesa magani a ruwa, wai dodon-koɗi suke kashewa. Gefe guda ana raba kwalabe ana duba fitsari kyauta. Na ce banza ta faɗi, muka karɓa. Nawa ya fito ja, na miƙa ina hura hanci. Ɗana ya ɓoye nasa cikin riga don kunyar bai yi ja ba, da ƙyar ya miƙa.

Ma'aikacin da ya karɓa ya sa na leƙa madubinsa na duba ƙwayoyin cuta. Ƙwayayen tsutsa ne, in ji shi, daga dodon-koɗi take fita ta huda fatar mai wanka.

"Malam, ɗanka lafiyarsa ƙalau. Kai za mu ba magani."

Na yi dariya, na ce duk mazan gidanmu haka muka tashi, har yayana marigayi. Ya tambayi yadda ya rasu. Na ce cikinsa ne ya kumbura, ya yi ta aman jini, muka ce sammu ne. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya sake nuna mini madubin. Na nemi dakali na zauna.

Da la'asar muka iso gida da ƙunshin magani. Tafiyar ta nuna mini ciwo muke yi wa guɗa tun kaka da kakanni. Tsohuwa ta tare mu a zaure tana tambaya ko an dace. Ban amsa ba, na tambayi ina ƙananan yara. Ta ce suna kududdufi. Ko takalmi ban tsaya gyarawa ba, na zura da gudu.